Fakiti Ya Ƙi Girkuwa? Tambayoyi da Amsoshi ga Masu Koyon Rubuta Manhaja a Yamai

Shekaru ke nan ina zama da ƙanne masu koyon rubuta manhaja a nan Yamai. Wasu ɗaliban Jami'ar Abdou Moumouni ne da ke ƙetaro gada daga Harobanda da kwamfuta a jakar baya, wasu kuwa a gida suka koya wa kansu, da waya da forfe na dare. Abin da ke kawo su wurina ba kasafai yake zama lissafi ko dabarar shirin ba. Tun a bakin ƙofa ake tsayawa: abu ya ƙi girkuwa, ko ya girku ya ƙi tashi. Ga tambayoyin da suka fi dawowa. In na ce fakiti, ina nufin shirin wani da kake saukewa ka yi aiki da shi cikin naka. Dosiye da fishiye kuwa su ne ƴan'uwanmu na Najeriya ke kira folda da fayil.

Yaya, komai ya cakuɗe mini. In kai ta a formate ta kawai?

Dakata tukuna, ƙanena. Wannan ce tambayar da ta fi ci mini rai, shi ya sa na fara da ita. Akwai wani yaro da ya zo mini bayan ya kai kwamfutarsa wurin mai gyara a kasuwa har sau uku, ana goge ta ana sake zuba Windows, don kawai `pip`, mai girka fakitocin Python, ya ƙi amsawa. Kowane zuwa sai ya biya kuɗin aiki, ya dawo ya ƙone forfe wajen sake sauke Python da VS Code. A zuwa na biyu har aikinsa na ƙarshen shekara ya bi ruwa. Matsalar kuwa wani ɗan akwati ne da bai taɓa ba lokacin girkawa, kuma duk sau ukun bai taɓa shi ba.

Formatewa tana maganin Windows da ta lalace. Ba ta maganin kuskuren da za ka dawo ka sake yi da hannunka. Kusan duk abin da ke tafe a nan ƙasa yana komawa ga tambaya uku: wane shiri ne ya amsa umarnin da na buga, a ina yake zaune cikin kwamfutar, kuma wace siga ce? Wanda ya amsa ukun nan ya ci rabin aikin.

Sannan ka karanta jan rubutun nan da ke ba ka tsoro. In Python ce ta yi ƙorafi, layin ƙarshe shi ne maganar, na sama tarihin hanyar da aka biyo ne. In `pip` ne ya ce `subprocess-exited-with-error`, wannan shela ce kawai, sai ka hau sama ka nemo ainihin dalilin. Kuma abu ɗaya ake canzawa a gwada. Wanda ya canza biyar a tare, ko ta gyaru bai san me ya gyara ta ba.

Na girka Python, amma Windows ta ce « 'pip' n'est pas reconnu en tant que commande interne ou externe ». Me ya faru?

Windows tana da wani jerin dosiyoyi mai suna PATH. In ka buga umarni, sai ta bi jerin nan gida-gida tana sallama, har ta sami mai sunan. In gidan Python ba ya cikin jerin, sai ta dawo ta ce ba ta san shi ba, alhali yana nan zaune lafiya. Ɗan akwatin da yaron nan ya tsallake ke nan: `Add python.exe to PATH`, a ƙasan tagar farko ta girkawa.

Hanya mafi sauri ita ce ka buga `py -m pip --version`. Shi `py` yakan amsa ko da PATH bai daidaita ba. In kana son gyara na dindindin, sake buɗe fishiyen girkawar, zaɓi gyarawa, ka sa Python cikin PATH. Bayan haka rufe tarminal ɗin ka buɗe sabo, domin wanda ke buɗe da tsohon jeri yake aiki. Mutane da yawa sun gyara abin, sun gwada a tsohuwar taga, sun ɗauka bai gyaru ba.

In kuwa ka buga `python` sai kantin Microsoft Store ya buɗe, wani ɗan fishiyen Windows ne ya riga Python ɗinka amsa sallama. Nemi « Alias d'exécution d'application » cikin saiti, ka kashe na `python.exe` da `python3.exe`.

Malam, `pip` ya ce ya girka lafiya, amma shirina yana cewa `ModuleNotFoundError`. Wa ke ƙarya?

Babu mai ƙarya, ƙanwata. Kin aika saƙo gidan Musa na Yantala, kina cigiyarsa a gidan Musa na Bukoki. Kwamfutarki tana da Python fiye da ɗaya: wata ta zo da Anaconda, wata kin sauke da kanki, wata kila ta kantin Microsoft ce. `pip` ya zuba fakitin cikin ɗaya, shirinki yana tashi da wata.

Sa layi biyun nan a saman shirin: `import sys` da `print(sys.executable)`. Zai nuna miki gidan Python da ke aiki. Sai ki buga `pip --version`, shi ma zai faɗi inda yake zaune. In adireshin biyu bai zo ɗaya ba, kin kama ɓarawon. Daga yau ki bar buga `pip install` tsurarsa, ki riƙa buga `python -m pip install`, domin hakan na tilasta wa ita wannan Python ɗin ta karɓi kayan da kanta. A VS Code ki danna Ctrl+Shift+P ki nemi `Python: Select Interpreter`. A Jupyter ki buga `%pip install` cikin littafin, sannan ki sake tayar da shi.

Akwai kuma wani tarko da ni kaina na faɗa ciki a farkon koyo. Kina gwada fakitin `requests`, sai kika sa wa fishiyenki suna `requests.py`. Python tana fara duba dosiyen da kike ciki, don haka naki za ta ɗauko ta bar na gaskiya, ta kuma riƙa ƙorafin da ba shi da kai ba shi da gindi. Haka `random.py` da `email.py` da `csv.py`. Canza sunan, shi ke nan.

`pip install cv2` ya ƙi, kuma `import cv2` na gani a darasi.

Sunan da ake kira a shiri daban, sunan da ke kanti daban. `cv2` na cikin `opencv-python`, `PIL` na cikin `Pillow`, `sklearn` na cikin `scikit-learn`, `yaml` na cikin `PyYAML`, `bs4` kuma `beautifulsoup4`. Kada ka riƙa cankar suna. Kowa na iya ɗora fakiti a PyPI, kantin fakitocin Python, da npm, kantin na Node mai tayar da shirye-shiryen JavaScript, kuma an sha kama ɓata-gari da ke ɗora masu suna kusa da na gaskiya, harafi ɗaya ya bambanta, suna jiran wanda yatsansa zai zame. Manhajojin hira masu ƙirƙirarriyar basira ma sukan ba ka sunan fakitin da babu shi, da cikakken ƙarfin hali. Buɗe shafin fakitin ka gan shi da idonka kafin ka girka.

A Ubuntu yana ce mini `externally-managed-environment`. A da ba haka yake ba.

Gaskiya ne, a da ba haka yake ba. Daga Debian 12 da Ubuntu 23.04, duka na 2023, aka fara hana `pip` zuba kaya cikin Python ta tsarin. Dalilin yana da kyau: ita kanta Ubuntu da wannan Python take gudanar da wasu ayyukanta, in ka canza mata fakiti a ƙarƙashin ƙafa sai ta yi tuntuɓe. Na ga wanda ya cire `python3` gaba ɗaya don ya sa sabuwa, da ya sake kunnawa sai baƙin allo ya tarbe shi.

Maganin shi ne kowane aiki ya sami tukunyarsa. Shiga dosiyen aikin ka buga `python3 -m venv .venv`, sannan `source .venv/bin/activate`. In ya ce babu `venv`, fara da `sudo apt install python3-venv`. Duk abin da ka girka bayan haka yana cikin `.venv`, bai shafi wani aiki ba, bai shafi tsarin ba. In ta ƙone, ka zubar ka ɗora wata cikin minti ɗaya. Ga kayan aikin da kake so ka kira daga ko'ina kuwa, `pipx` aka yi dominsu.

Za ka ci karo da masu cewa ka ƙara `--break-system-packages` a wuce wurin. Karanta sunan da kyau. Masu abin da kansu suka raɗa masa shi don kada gobe ka ce ba a faɗa maka ba.

A Windows fa? PowerShell ya ce « l'exécution de scripts est désactivée sur ce système ».

Buga `Set-ExecutionPolicy -Scope CurrentUser RemoteSigned` sau ɗaya, sannan `.venv\Scripts\activate`. In madanninka na Faransanci ne kana neman wannan karkatacciyar sanda, AltGr da 8 ce.

Rezo yana yankewa a tsakiyar saukewa, `Read timed out`, kuma megana na ƙarewa. Yaya ake yi?

Nan ne darussan da aka rubuta a Turai da Amurka ba su san halin da muke ciki ba. Su in abu ya ƙi, sai su ce goge ka sake saukewa, kamar ruwan kogi ne. Mu kuwa kowace mega da kuɗi aka saye ta.

Fara da haƙurin `pip`. Daƙiƙa 15 yake jira kafin ya fid da rai, sai ka ƙara masa: `python -m pip install --timeout 120 --retries 10` sannan sunan fakitin. Sigogin `pip` na 2025 sun fara iya ci gaba daga inda saukewa ta tsinke, don haka sabunta shi kansa ba asara ba ce. Kada ka riƙa share rumbunsa. Abin da ya taɓa saukewa yana ajiye, karo na biyu daga nan zai ɗauko.

Abin da na fi so ƙanne su koya shi ne saukewa sau ɗaya a raba. Ranar da ka sami intanet mai kyau, buga `python -m pip download -r requirements.txt -d kaya`. Duk fakitocin da ke cikin `requirements.txt`, fishiyen da ke jera abin da aikin ke bukata, za su taru a dosiyen `kaya`. Ka kwafe shi a kile, kowa a ajinku ya girka da `python -m pip install --no-index --find-links kaya -r requirements.txt`, ba tare da ko mega ɗaya ba. Sharaɗin shi ne sigar Python da irin tsarin su zo ɗaya. Kayan da aka sauke wa Windows ba za su hau Ubuntu ba. Ranar 14 ga Maris 2024, da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka tsinke a gaɓar Afirka ta Yamma, har nan Nijar mun ji a jikinmu. Wanda ke da dosiyen `kaya` a ranar ya ci gaba da aikinsa.

Ga masu npm, `npm install --prefer-offline` yana fara duba rumbu, `pnpm` kuma kwafi ɗaya yake ajiyewa ga duk ayyukanka. Ga masu PyTorch a Linux, ku yi hattara: `pip install torch` tsurarsa yana janyo kayan katin NVIDIA masu nauyin giga-giga, ko da kwamfutar ba ta da katin. Akwai ta masu aiki da kwakwalwar kwamfuta kaɗai, umarninta na shafin PyTorch.

Kuma in da wayarka kake raba intanet, shiga saitin Wi-Fi na Windows ka kunna « Connexion limitée ». In ba haka ba, kana ta faɗa da `pip` a gaba, Windows Update na shanye forfen ta baya.

`CERTIFICATE_VERIFY_FAILED`. An ce in sa `--trusted-host`.

Kafin komai, dubi agogon kwamfutarka. Da gaske nake. Yawancinmu kwamfutoci na hannu muke saye, kuma a cikinsu akwai wani ɗan batir mai kama da kwabo, a mafi yawansu CR2032, wanda ke riƙe lokaci in an kashe mashin. In ya mutu, kwamfutar takan farka a wata shekara da ta daɗe da wucewa, sai ta ga takardar shaidar shafin kamar ba a ma haife ta ba tukuna, ta ƙi yarda da ita. A Ubuntu saƙon yakan zo da `not valid yet`. Gyara kwanan wata, sa yankin lokaci na Yamai, wato UTC+1, ka canza batirin in ka sami hali.

In agogo daidai yake, duba ko forfen ya ƙare ko Wi-Fi ɗin na jiran ka shiga ta wani shafi. A irin wannan hali `pip` na neman PyPI, ana miƙo masa shafin talla. Wasu rigakafin ƙwayoyin kwamfuta ma sukan shiga tsakani su leƙa abin da ke wucewa. Shi `--trusted-host`, da ɗan'uwansa `strict-ssl false` na npm, korar mai gadi ne don ya cika tambaya.

Wuta ta ɗauke ina tsakiyar `apt upgrade`. Yanzu komai ya ƙi.

Ba ta mutu ba, rabin aiki ne aka bari. Buga `sudo dpkg --configure -a`, sannan `sudo apt --fix-broken install`, sannan `sudo apt update`. Galibi nan take warwarewa.

In kuwa saƙon `Could not get lock /var/lib/dpkg/lock-frontend` ne, wani shiri ne ke riƙe da mabuɗin, yawanci mai sabuntawa na kai-tsaye da ke tashi bayan kunna mashin. Ba shi ƴan mintoci. Goge fishiyen kullen alhali wancan na kan aiki shi ne ana kukan targaɗe sai ga karaya. In kuma `apt update` na ta jero 404, duba sigar Ubuntu ɗinka: waɗanda ba LTS ba, wato ba masu dogon tallafi ba, wata 9 kawai ake kula da su, daga nan a kwashe kayansu daga inda suke. LTS tana fitowa a Afrilun kowace shekara biyu, ana kula da ita shekara 5. Ita ta dace da mu.

Wanda batirin kwamfutarsa ya mutu, yake aiki da waya a bango, kada ya fara babbar sabuntawa da tsakar rana a watan Afrilu ko Mayu.

`Microsoft Visual C++ 14.0 or greater is required`. In sauke shi?

Kar ka yi gaggawa, kayan nan giga da yawa ne. Fakitoci irin su NumPy da pandas suna da sassan da ba da Python aka rubuta ba. Masu su kan dafa su tun can, su ɗora dafaffe, fishiye mai ƙarewa da `.whl`, ɗaya ga kowace sigar Python da kowane tsari. In `pip` bai sami dafaffen da ya dace da kai ba, sai ya ɗauko ɗanye ya ce ka kawo murhu. Saƙon ke nan.

Me ya sa bai samu ba? Sau da yawa Python ɗinka ce ta cika sabunta. Kowane Oktoba sabuwa ke fitowa, masu fakitoci kuma sukan ɗauki lokaci kafin su kamo ta. Ko kuwa akasin haka: darasin da kake bi ya ɗaure ka da tsohon fakitin da ba a taɓa dafa wa sabuwar Python ba. Ko ka girka Python mai 32-bit bisa kuskure. Ni shawarata, mai koyo ya tsaya siga ɗaya baya da ta ƙarshe. Kana iya ƙara `--only-binary=:all:` don `pip` ya gaya maka gaskiya nan take maimakon ya ɓata maka rabin awa. A Ubuntu murhun ba shi da nauyi sosai: `sudo apt install build-essential python3-dev`.

Aikin yana tashi a kwamfutar abokina, a tawa ya ƙi. Kuma shiri ɗaya ne.

Shirin ɗaya ne, abin da ke ƙarƙashinsa ne ba ɗaya ba. Shi ya girka a Janairu, kai ka girka a Yuli, a tsakani fakitoci sun yi gaba. Da NumPy 2.0 ta fito a Yunin 2024, fakitoci da yawa da aka haɗa da tsohuwar sun daina tashi, sai da mutane suka riƙa buga `numpy<2` na wani lokaci. Python 3.12 ta Oktoban 2023 ta cire `distutils`, don haka tsofaffin ayyuka ke cewa `No module named 'distutils'`. In kuma darasin na buga `print` ba tare da baka ba, na Python 2 ne, wadda aka daina kula da ita tun 1 ga Janairu 2020. Nemi wani darasin.

Ka ce wa abokin ya buga `python --version` da `python -m pip freeze > requirements.txt` daga cikin tukunyar aikin, ya aiko maka. Kai kuma ka buɗe sabuwar `.venv` ka girka daga fishiyen. A ɓangaren Node, `package-lock.json` ke wannan aikin, kuma `npm ci` ke bin sa sau da ƙafa. Kada a cire shi daga Git, kada a goge shi don an ga ya yi tsawo.

Abin dariya a nan, manya ma ba su tsira ba. A Maris 2016 wani mai suna Azer Koçulu ya janye fakitocinsa daga npm, cikinsu har da `left-pad` mai layi 11 kacal, sai ga manyan ayyuka a faɗin duniya sun tsaya cak na ƴan sa'o'i.

npm na cewa `ERESOLVE`, wani aikin kuma `ERR_OSSL_EVP_UNSUPPORTED`.

Na farkon yana nufin fakitoci biyu sun saɓa kan sigar wani na uku. Tun npm 7 aka fara tsananta wannan. Saƙon da kansa yana faɗin su wane ne, karanta shi. `--legacy-peer-deps` na iya fitar da kai yau, amma ka san ka rufe rikicin da tabarma ne, yana nan ƙasa. Na biyun tsohon aiki ne mai webpack 4 ya haɗu da Node 17 ko sama, wadda ta koma OpenSSL 3. Ko ka sabunta aikin, ko ka girka `nvm` ka riƙa sauya sigar Node gwargwadon aiki. Da `nvm` ma ba ka bukatar `sudo npm install -g`, wanda shi ne uban yawancin `EACCES` da ake kawo mini.

Na kwafo aikin duka a kile, har da `.venv` da `node_modules`, amma ya ƙi tashi.

`.venv` tana ɗauke da adireshin kwamfutar da aka haife ta, ba ta ƙaura. `node_modules` ma wasu sassansa na tsarin da aka girka shi ne. Ga shi kuma kile mai FAT32 ba ta ɗaukar fishiye da ya kai giga 4, ba ta kuma san mahaɗan da Linux ke ƙullawa ba. Kwafi shirinka da `requirements.txt` ko `package-lock.json` da dosiyen `kaya`, ka sake girkawa a can.

Ka kuma zaunar da ayyukanka a gajeren wuri irin `C:\aiki`. Windows tana da tsohuwar iyaka ta haruffa 260 ga adireshin fishiye, wasu kayan aikin kuma ba sa jituwa da sarari ko harafi irin é a sunan dosiye. Kada ka ajiye aiki inda OneDrive ke kwashewa, sai ka wayi gari ya tura dubban ƴan fishiyoyi sama da kuɗinka.

Shirina yana faɗuwa da zarar ya ga ƙ ko ɗ ko ɓ.

Wannan tamu ce ta gida, kuma ba laifin Hausa ba ne. Windows ta Faransanci ko ta Ingilishi tana da tsohon jadawalin haruffa, cp1252, mai é da ç amma babu ƙ, ɗ, ɓ, ƴ. In ka buɗe fishiye a Python ba ka faɗi jadawali ba, da wannan za ta yi aiki, sai ka ga `UnicodeEncodeError`, ko rubutu ya koma shirme. Kullum ka rubuta `open("suna.txt", encoding="utf-8")`. Kana iya sa `PYTHONUTF8=1` cikin saitin mahalli, abin da ke nan tun Python 3.7. A MySQL ka zaɓi `utf8mb4`, ka guji `latin1`. In Excel ne zai buɗe CSV ɗin, rubuta shi da `utf-8-sig`, ka kuma tuna Excel na Faransanci da `;` yake raba ginshiƙai, saboda waƙafi na lissafi ne a wurinsa.

Abin da ba na so in gani shi ne a maye ƙ da k don shiri ya yi shiru. Ƙafa da kafa ba abu ɗaya ba ne.

XAMPP: Apache ko MySQL ya ƙi yin kore.

Ƙofa ɗaya, mai shiga ɗaya. Apache na son 80 da 443, MySQL na son 3306. In ka taɓa girka wata MySQL daban, ko WAMP, ita ke tsaye a ƙofar. `netstat -ano | findstr :3306` zai ba ka lambar mai riƙe da ita, ka nemo shi cikin « Gestionnaire des tâches ». Ga Apache kana iya mayar da `Listen 80` zuwa `Listen 8080` cikin `httpd.conf`. In bayan ɗaukewar wuta ne MySQL ya ƙi tashi, kwafi dosiyen `mysql\data` gefe kafin ka taɓa komai, domin bayananka na ciki.

Kwamfutata tsohuwa ce, giga 4, Windows 7. Zan iya?

Za ki iya koyo, amma ƙofofi na ta rufewa. Python 3.8 ce ta ƙarshe da ke hawa Windows 7, ita ma an daina kula da ita a Oktoban 2024. VS Code ya tsaya mata a siga 1.70. Windows 10 kanta Microsoft ta janye tallafinta na yau da kullum ranar 14 ga Oktoba 2025. Da ni ne, sai in kwashe kayana in zuba Linux Mint mai Xfce ko Xubuntu; mashin ɗin zai numfasa, ki sami sabuwar Python da Node. Wannan ne wuri ɗaya da nake yarda a goge faifai.

Android Studio da Docker kuwa, kada in yaudare ki, giga 4 wahala ce. In dole ne, gwada manhajar a wayarki ta kebul maimakon wayar bogi ta cikin kwamfuta. In mashin na mutuwa da kansa a tsakiyar aiki mai nauyi, zafi ne: ƙurar hunturu ta toshe fanka. A buɗe a hure ta, a daina ɗora shi kan katifa.

GitHub ya ƙi karɓar kalmar sirrina a tarminal, kuma daidai take.

Tun 13 ga Agusta 2021 ya daina karɓarta a can. Ƙirƙiri alamar shiga, wato `Personal access token`, daga saitin asusunka ka sa ta a madadin kalmar, ko ka haɗa mabuɗin SSH.

Na gwada duka, bai yi ba. Me zan aiko maka, Yaya?

Ban da hoton allo da aka ɗauka da waya a karkace, rabinsa hasken taga. Kwafo rubutun kansa, tun daga umarnin da ka buga har layin ƙarshe, ko da ya kai shafi biyu. Faɗa mini Windows ce ko Ubuntu da sigarta, abin da `python --version` ko `node -v` ya ce, abin da `where python` ya nuna in Windows ce, ko `which -a python3` in Linux ce, da abin da ka taɓa na ƙarshe kafin ta lalace. Kada ka ce "ban taɓa komai ba", mu duka mun san ka taɓa. Sau da yawa kana cikin tattara waɗannan za ka rubuto mini ka ce a bar shi, ka gano. In za ka haɗo da dosiyen aikin, cire `.env` da duk inda kalmar sirri ko mabuɗi yake tukuna.